Wayar Marigayiya

Kwana uku ke nan Malam bai kira Auta ba. A rana ta huɗu, tana zaune a ɗakin gwajin jini na asibitin da take aiki, ta ga abin da ya mantar da ita shirun nasa.

Lokacin hutun rana ne. Abokan aikinta duk sun fita, ba abin da ke motsi sai injin juya jini da ke gurnani a kusurwa. Ta cire safar hannu, ta jawo wayarta daga aljihun farar rigarta, ta shiga shafin sada zumunta kamar yadda ta saba. A saman jerin hirarrakinta hoton Yaya yake, tana dariya, ɗankwali ya zame mata gefe. Kusa da hoton akwai ɗan ɗigo kore, irin wanda ke nuna mutum yana riƙe da wayarsa a daidai wannan lokacin.

Yaya kuwa watanta takwas a ƙasa.

Auta ta murza idonta ta sake dubawa. Ɗigon yana nan. Ta buɗe hirar. A ƙasan saƙon da ta tura da safe, an rubuta: an karanta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta furta.

Sai ga wani ɗan rubutu ya bayyana a saman allon: tana rubutu. Ya ɓace. Ya sake dawowa. Ya sake ɓacewa. Daga nan ɗigon ya mutu.

Wayar ta suɓuce ta faɗi kan tebur. Duk sanyin da ke ɗakin, gumi ne ke bin bayanta.

Su biyu rak Umma ta haifa, Yaya da ita, shekara shida ce tsakaninsu. Yaya ce ta koya mata ɗaurin ɗankwali, ita ta raka ta jami'a ranar farko, ita ke rufa mata asiri idan ta yi ɓarna. Haɗarin mota ne ya ɗauke ta a hanyar dawowa daga aiki, ta bar miji da 'yar shekara huɗu da ake kira Mimi. Da aka tambayi wayarta, Abban Mimi ya ce ba a same ta a wurin haɗarin ba.

Mako ɗaya da rasuwar, kuka ya ci ƙarfin Auta, ta buɗe hirarsu ta rubuta: "Yaya, ina kike?" Ba amsa, ba alamar an karanta. Sai ta ji wani irin sauƙi. Washegari ta sake rubutawa. Tun daga nan kullum sai ta rubuta. Abin da ba ta iya gaya wa Umma, abin da take jin nauyin gaya wa Malam, duk can take zubewa, tana ganin kamar rijiya ce da ba mai leƙawa.

Ta ɗauki wayar ta kira Malam. Wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake kira, haka.

Malam shi ne malamin lissafi a wata makarantar sakandare. Shekara biyu suna tare, manya sun shiga maganar, saura a tsayar da lokaci. Umma ce kaɗai ba ta taɓa sakin fuska da shi ba. Tun da Yaya ta rasu, maganarta ɗaya ce: Auta ta koma ɗakin yayarta.

"Ba dole nake miki ba," haka take cewa kullum, tana share ido da gefen mayafi. "Amma ki duba yarinyar nan. So kike wata bare ta zo ta riƙe miki 'ya? Ga mutum mai hankali, ya san ciwonki tun kafin ki yi nishi."

Da aka tashi daga aiki ba ta nufi gida ba. Makarantar su Malam ta wuce.

Ɗalibai sun watse. A ajin ƙarshe ta same shi, shi kaɗai, ga tulin takardun jarrabawa a gabansa, ga jan biro a hannu, amma ba duba su yake ba. Ya ɗago ya gan ta a bakin ƙofa. Idanunsa sun faɗa kamar wanda ya tashi daga jinya.

"Na yi sallama ba ka amsa ba," ta ce.

"Na amsa a zuci. Shigo."

Ta zauna a bencin ɗalibai, gwiwoyinta suna gugar tebur.

"Me na yi maka, Malam? Ko hukunci za ka yi min, ai ka karanto min laifina tukuna. Ɗalibanka ma kana nuna musu inda suka faɗi."

Bai yi murmushi ba. Ya buɗe wayarsa, ya turo mata kan tebur.

"Anti aka tura wa. Ita ta turo min, bayan ta nuna wa Hajiyarmu."

Anti ita ce babbar yayarsa, wadda maganarta ke da nauyi a gidansu. Auta ta duba. Hoto na farko takardar asibiti ce, da sunanta a sama, da hatimin likita a ƙasa. Ta gane ta tun kafin ta karanta. Shekara uku da suka wuce aka yi mata aiki aka cire mata ƙari a mahaifa. Kowa a gida ya san da aikin. Abin da ba wanda ya sani sai Yaya, wadda ta raka ta ganin likita daga baya, shi ne abin da takardar ta ce: zai yi wuya ta haihu. Ba a ce ba zai yiwu ba, amma zai yi wuya.

Hoto na biyu na hira ne. Rubutunta ne, kalma da kalma: "Yaya, kullum sai in ce gobe zan gaya wa Malam, bakina ya ƙi buɗuwa. Ina tsoron yadda zai kalle ni."

A ƙarƙashinsu mai turowa ya ƙara layi ɗaya: "Ku bincika kafin ku ɗauko wa ɗanku."

Ta kalli sunan wanda ya turo. Sunan Yaya ne, da hotonta mai dariya.

Ajin ya juya mata. Ta dafe tebur da hannu biyu.

"Gaskiya ne?" ya tambaya.

Hawaye suka ɓalle mata. Ta gyaɗa kai.

"Da baki nake son ji."

"Gaskiya ne, Malam."

Ya miƙe ya tafi wajen allo, ya juya mata baya. Ya daɗe a haka.

"Kin san abin da ya hana ni barci kwana ukun nan? Wallahi ba haihuwa ba ce. Haihuwa ta Allah ce, na ga masu lafiya garau da suka tsufa ba su samu ba. Abin da ke cina shi ne, shekara biyu ina gabanki, ina ji, ina gani, ina numfashi, amma kika tsallake ni kika je kika gaya wa wadda ke kabari. Har Anti ta riga ni sani. Tana tambayata, ni ina zare ido kamar baƙo."

"Tsoro nake ji."

"Tsoron me? Na taɓa ɗaga miki murya?"

"Shi ya sa." Ta share hawayenta. "Da mugu ne kai, da tuni na faɗa, in ka tafi ka tafi. Amma kai ne kake zana min gidanmu a bayan takarda, kana cewa nan ɗakin yara, nan za a sa musu lilo. Ta ina zan fara? Sau nawa na zo da maganar a bakina, sai ka fara lissafa sunayen da za ka sa musu. Sai in koma in gaya wa Yaya. Ita ba za ta canza fuska ba."

Ya juyo. Shi ma idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Auta, ba Yaya kike gaya wa ba."

Ta ɗago ta kalle shi.

"Duba ranar da ke jikin hirar nan. Watan jiya ne. Wani yana riƙe da wayarta, yana zaune yana karanta ki kamar jarida. Shafin mamaci ba ya mutuwa tare da shi. In ba a je an nemi masu shafin su rufe shi ba, ƙofa ce a buɗe ga duk wanda ya tsinci makulli. Me kika tura can kuma? Hotuna? Saƙon murya?"

Ta tuna. Hotunan da ta ɗauka ba mayafi tana gwada kaya. Saƙonnin muryar da take kuka a ciki. Ranar da suka yi faɗa da shi ta rubuta abin da ko a mafarki ba ta so ya gani. Ranar da ta yi fushi da Umma. Wata takwas, ba fashi.

"Komai," ta ce a hankali. "Komai na tura."

Ya dafe kai.

"Yanzun nan ki canza lambar sirrinki, kada shi ma naki a shiga. Kuma kada ki sake rubuta ko harafi ɗaya a can."

"Hajiya me ta ce?"

Ya kau da kai. "Ta ce a dakata."

"Kai fa?"

"Ni ban ce na fasa ba. Ban kuma ce ban ji ciwo ba. Ki ba ni lokaci in san yadda zan tsaya a gaban mahaifiyata. Ke kuma ki nemo wanda ke sanye da sunan yayarki, don wanda ya yi wannan bai gama ba."

A motar haya ta canza lambar sirrin. Tana kallon titi ta taga, abubuwa suka fara dawo mata ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da ta rubuta cewa tana kewar ƙamshin turaren Yaya, bayan kwana biyu Abban Mimi ya kawo mata ragowar kwalbar, ya ce wajen gyaran ɗaki ya gani. Ranar da ta rubuta cewa takalmin aiki yana cin ƙafarta, sai ga Mimi ta shigo da sabo a leda, wai Abbanta ya ce ta ba Anti Auta. Har akwai ranar da ta rubuta cewa ba wanda ya tambaye ta yadda ita take ji, kowa Umma yake wa ta'aziyya. Washegari ya tsaya a bakin falo, ya dube ta, ya ce, "Ke fa, Auta, yaya kike ji?" Ranar ta yi kuka, ta ce a ranta mutumin kirki ne.

Zargi ya ɗarsu a ranta. Ruwa ba ya tsami banza.

Washegari ba ta da aiki. Da hantsi ta zauna a bakin gadonta ta buɗe hirar. Malam ya ce kada ta sake rubutawa. Ta daɗe tana kallon hoton Yaya, sannan ta rubuta:

"Yaya, Malam ya juya min baya. Yau bayan azahar zan je lambun nan da muke zuwa, in zauna a bencinmu. Ba ni da kowa."

Ba a yi minti goma ba alamar ta fito: an karanta.

Lambun ba kowa sosai a wannan lokacin, sai wani dattijo mai ban ruwa can nesa. Ta zauna a bencin ƙarfen da ke ƙarƙashin babbar bishiya, jaka a cinya. Tana addu'a kada kowa ya zo. Tana addu'a ya zama wani ɓarawon waya ne da bai san ta ba.

Sai ta hango shi. Dogo, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Yana tafe yana waige-waige.

"A'a, Auta? Ke ce a nan? Wucewa na zo yi, na ce bari in..."

"Zauna, Abban Mimi."

Ya dubi fuskarta. Sauran maganar ta mutu a bakinsa. Ya zauna a can ƙarshen bencin.

"Ba wanda na gaya wa zan zo nan sai mutum ɗaya," ta ce. "Ita kuma kai ka sa ta a kabari da hannunka."

Ya sunkuyar da kai.

"Ka ce ba a ga wayar ba."

"An gani," ya ce. "Ɗan sanda ya ba ni ita a leda, da zobenta. Allon ya ɗan tsage kawai. Ranar haihuwar Mimi ce lambar buɗewa, ban ko sha wuya ba. Na ɓoye ne don na san Umma za ta karɓa, ni kuma muryarta nake so in riƙa ji. Saƙonnin da take tura wa mutane, dariyarta, har faɗan da take yi da tela. Wallahi abin da ya sa ke nan."

"Sai kuma me?"

"Sai wata rana wayar ta yi ƙara a hannuna. Na duba, na ga kin rubuta, Yaya ina kike." Ya share fuska da tafin hannu. "Tambayar da nake yi kullum ke nan. Na so in gaya miki tana wurina. Na ce gobe. Gobe kika sake rubutawa. Auta, gidana shiru yake kamar maƙabarta. Saƙonki ne kaɗai abin da ke shigowa da sunanta. Sai na ji kamar tana raye, tunda har yanzu ana mata magana."

"Ka karanta duka?"

"Duka."

"Ka kalli hotunan?"

Ya kau da fuska.

Ta ja mayafinta ta ƙara rufe jikinta, kamar yanzu ne yake kallo. Wata irin kunya ta rufe ta.

"Yayana na ɗauke ka. Ina gaishe ka a durƙushe. Ashe kana kallona kana sane da abin da ke ƙarƙashin zuciyata, kana kawo min turare, kana kawo min takalmi, Umma tana cewa Allah ne ya haɗa jininmu. Leƙe ka yi min, Abban Mimi. Wata takwas kana leƙena ta tagar matarka."

"Na sani. Ba ni da bakin kare kaina."

"To me Malam ya yi maka? Me na yi maka da za ka ɗauki takardar asibitina ka kai gidan mutane? Ka san abin da ka kashe?"

Ya ɗago da sauri. "Wace takarda?"

"Kada ka raina min hankali."

"Na rantse da wanda ya ɗauki ranta, ban tura wa kowa komai ba. Na san da takardar, na gani. Ko kusa ba ta rage ki a idona ba. Amma turawa? Auta, mako uku ke nan wayar ba ta hannuna."

Ta tsura masa ido.

"Ranar da kika rubuta cewa Malam kaɗai kike so, ko za a yanka ki, ranar na san na kai ƙarshe. Na kasa haɗa ido da Mimi. Na ɗauki wayar na kai, na faɗi abin da na yi, na ce a ba ki haƙuri, a rufe shafin. Da tana wurina ma ba za ki ga alamar an karanta ba, na san yadda ake ɓoyewa."

"Wa ka kai wa?"

Ya mayar da idonsa ƙasa.

"In ba ta hannunka, wa ya gaya maka ina nan?"

Leɓensa ya motsa sau biyu kafin maganar ta fito.

"Ɗazu aka kira ni. Aka ce kina lambu ke kaɗai, kina cikin damuwa, in zo in rarrashe ki."

"Wa?"

"Umma."

Ba ta san yadda ta iso gida ba. Ta dai tsinci kanta a tsakar gida, shanya na kaɗawa a igiya, ƙofar ɗakin Baba a rufe, alamar yana ɗan barcinsa na rana. Ta cire takalmi ta shiga ɗakin Umma.

Umma na zaune a kan darduma da carbi. Ta ɗago da fara'a.

"Har kin dawo? Ba ku haɗu da kowa ba a hanya?"

Auta ta tsaya a tsakiyar ɗakin. Ta ciro wayarta, ta nemo sunan Yaya, ta danna kira.

Daƙiƙa biyu ɗakin ya yi tsit. Sai dariyar jaririya ta ɓarke daga cikin durowar gado. Dariyar Mimi ce tun tana wata bakwai, wadda Yaya ta naɗa ta mayar da ita ƙarar kiranta. Tana tashi, tana katsewa, tana sake tashi, daga ƙarƙashin kayan da aka ninke.

Carbin ya faɗi daga hannun Umma.

Auta ta jawo durowar, ta ɗaga zannuwan. Ga ta nan, da jan murfinta, da tsagin a gefen allo. Sunanta na haske a jiki: Autata. Ta kashe kiran. Ta zame ta zauna a ƙasa.

"Umma," ta ce. "Umma, ke?"

Umma ta kalli wayar. Sannan fuskarta ta taurare.

"Ni ce. Kuma in za a sake, zan sake."

"Ki tona min asiri a gidan surukai?"

"Gara su sani yanzu da su sani kina ɗakinsu! Kin san abin da ake wa matar da ba ta haihu ba? Ni na sani. Shekara shida tsakaninki da yayarki, kin zaci hutu nake? Ba irin maganar da ban sha ba daga dangin ubanki. Ana zaune za a ce, wai har yanzu shiru? Ni mai 'ya ɗaya a hannu ke nan. Ke fa da za ki shiga hannu rabbana? Yau yana sonki. Shekara biyar fa, uwarsa tana masa kuka a kunne?"

"Sai ki kira ni ki gaya min haka. Ni 'yarki ce."

"Ke kin kira ni kin gaya min?" Muryar Umma ta karye. "Shekara uku kina ɗauke da wannan abu, ina kwana ɗaki ɗaya da ke a asibiti, ina juya ki, ina goge miki jiki. A waya zan gani? Na zauna na karanta, Auta. Da tabarau, layi-layi. Na ga inda kika ce Umma ba ta ganin kowa sai wadda ta mutu. Na ga inda kika ce da ke kika tafi da na fi samun sauƙi."

Auta ta rufe fuska. "Cikin fushi na rubuta."

"Na sani. Amma na karanta." Hawaye suka gangaro mata. "Jiya na so in ba ki amsa. Na fara rubutawa, na goge. Na sake, na goge. Me zan ce? Da sunan wa?"

Kowacce ta ci gaba da kukanta.

"Na rasa ɗaya," Umma ta ce can. "Ga Mimi za ta tafi hannun wata. Ga ki za ki shiga inda za a wulaƙanta ki. Abban Mimi ya san komai, bai damu ba, ga 'ya a shirye. Na ga hanya ɗaya da zan tattara ku wuri ɗaya, na bi. Ban yi don in cuce ki ba."

"Da sunan Yaya kika yi, Umma. Wadda ta rantse min ba za ta faɗa ba har ta mutu, kuma ta cika. Kika sa ta faɗa bayan ta mutu."

Umma ta dafe ƙirji kamar an soke ta.

Sai suka ji jan takalmi a tsakar gida. Labule ya ɗaga. Baba ne, ba hula, idonsa da sauran barci, yana dafe da ƙofa.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Yanzun nan na yi mafarkin marigayiya. Har ƙarar wayarta na ji, dariyar nan ta Mimi, kamar a cikin gidan nan." Ya dube su. "Lafiya kuke kuka?"

Idonsa ya sauka kan jan murfin da ke hannun Auta. Ya daina motsi.

Umma ta kalli Auta. Duk roƙon duniya na cikin idonta. Baba mutum ne mai sanyi, sai dai abu ɗaya ne ba ya yafewa, cin amana. Ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, shekara goma sha biyu ke nan bai taka gidan nan ba saboda haka.

Auta ta share hawayenta.

"Ba mafarki ba ne, Baba. An samu wayar. Ka zauna, akwai maganar da ya kamata ka ji daga bakina tun shekara uku."

Ya zauna a bakin gado. Ta durƙusa a gabansa ta faɗa masa komai: abin da likita ya ce, saƙonnin da take turawa, takardar da aka kai gidan su Malam, da dakatarwar da Hajiyarsu ta yi. Ta ce yau za ta nemi a rufe shafin Yaya, a bar ta ta huta. Ta ce Malam take so, in ya karɓe ta a haka, in kuma bai karɓa ba za ta haƙura, amma ba za ta auri Abban Mimi ba.

Baba bai katse ta ba har ta gama. Hannunsa na kan gwiwa.

"Wa ya tura takardar?"

"Baba, wannan ka yafe min. Ba zan faɗa ba."

"Ban tambaye ki ko za ki faɗa ba. Cewa na yi wa ya tura."

Ta sunkuyar da kai. Agogon bango ya ci gaba da bugawa.

"Ni ce, Alhaji," in ji Umma.

Bai juya ya kalle ta ba. Ya daɗe yana kallon darduma, har Auta ta zaci bai ji ba.

"Auta," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Tashi ki fita. Ja mana ƙofa."

"Baba, don Allah, don darajar Yaya..."

"Ja mana ƙofa."

Ta fito ta jawo ƙofar. Ta tsaya a tsakar gida tana kasa kunne. Ba ta jin komai daga ciki, ko tari. Shirun ya fi ihu ba ta tsoro.

Wayarta ta yi ƙara. Ta duba, Malam ne. Ta kalli ƙofar da ta rufe, ta kalli sunan, sannan ta ɗaga.

"Auta, kina gida?"

"Ina gida."

"Baba yana nan?"

"Yana nan. Lafiya?"

"Fito ki buɗe mana. Muna ƙofar gida, ni da Anti, da Hajiya."